Wa Ya Ɓata Dariyar Tidus?

Akwai wani gajeren bidiyo da ya shafe shekaru yana yawo a intanet. Saurayi da budurwa ne tsaye a saman wani birni na bakin teku. Saurayin ya cika ƙirjinsa da iska, ya wangale baki ya saki dariya, ha, ha, ha, kowace gaɓa a rarrabe, babu zaƙi babu armashi. Budurwar ta taya shi da irinta. Duk lokacin da aka tashi lissafa wuraren da masu sanya murya suka kwafsa a wasannin bidiyo, da wuya a tsallake wannan.

Wasan shi ne Final Fantasy X, wanda kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar a na'urar PlayStation 2 a shekarar 2001. Saurayin sunansa Tidus, budurwar kuwa Yuna, kuma labarin soyayyarsu yana cikin waɗanda masu wasa suka fi riƙewa a zuciya. To, yaya aka yi kamfanin da ya zuba dukiya da ƙwararru ya bar wannan dariya ta fita kasuwa? Laifin wa?

Wanda aka fara nunawa da yatsa shi ne James Arnold Taylor, Ba'amurken da ya ara wa Tidus murya a Turanci. Zargin yana da sauƙin karɓuwa, domin wannan ne karo na farko da aka sanya muryoyin mutane a jerin manyan wasannin Final Fantasy. Kafin nan karanta zancen taurari ake yi a rubuce. Sabon shiga kuwa ba ya rasa tuntuɓe. Sai dai tarihin Taylor bai goyi bayan zargin ba. Shi ne ya riƙe muryar Obi-Wan Kenobi a zanen Star Wars: The Clone Wars tsawon shekaru, shi ne kuma muryar Ratchet a yawancin wasannin Ratchet & Clank. A cikin Final Fantasy X ma, a wasu wurare yana dariya lafiya lau, yana kuka mai taɓa rai. Mutumin ya iya dariya. Me ya sa a nan kaɗai ta fito haka?

Sai hankali ya koma kan fassara. Nan ma akwai ƙamshin gaskiya. Alexander O. Smith, wanda ya mayar da zancen wasan zuwa Turanci, ya bayyana irin ƙuncin da suka yi aiki a ciki: an riga an tsara motsin leɓunan taurarin bisa harshen Japananci, kuma dole tsawon kowace magana ta Turanci ya yi daidai da tsawon ta asali. Wanda ya saba kallon finafinan Indiya da aka sa musu muryar Hausa ya san yadda mai magana kan yi sauri ko ya ja kalma don ta dace da bakin jarumi. Wannan ne ya sa wasu kalaman Hedy Burress, mai muryar Yuna, suke fitowa da ɗan tsaiko a inda ba a zata ba. Idan haka ne, ai sai a saurari na asalin, a ji yadda dariyar take kafin fassara ta taɓa ta.

A nan zargi na biyu ya rushe. Masakazu Morita, mai muryar Tidus a Japananci, da Mayuko Aoki, mai muryar Yuna, dariyarsu ma a ƙage take, a bushe, ta dole. Ƙasashe biyu, harsuna biyu, 'yan wasa huɗu, duk sun yi abu iri ɗaya. Kuskure ba ya zuwa a jere haka. Umarni aka ba su. Taylor da kansa daga baya ya fito ya ce da gangan aka so dariyar ta zama mai nauyin ji. Tambayar ta sauya ke nan: me ya sa marubucin labarin, Kazushige Nojima, zai so masoyansa biyu su yi dariya mara daɗi?

Amsar tana cikin abin da gajeren bidiyon ya yanke. Birnin sunansa Luca, a duniyar Spira, inda wani ƙaton dodo mai suna Sin yake rusa garuruwa. Tidus baƙo ne a wannan duniya, ba shi da hanyar komawa gida. Ana gama wata gasar ƙwallon cikin ruwa, sai Auron, tsohon abokin mahaifinsa, ya ja shi gefe ya faɗa masa cewa dodon nan da kowa ke tsinewa shi ne Jecht, mahaifinsa, wanda ya ɓace shekara 10 da suka wuce. Da wannan nauyi a ƙirji ya iso wurin Yuna. Ita ba ta san abin da aka faɗa masa ba, amma ta ga fuskarsa. Sai ta gaya masa sirrinta: jama'a sun zuba mata ido a matsayin wadda za ta cece su, don haka ta koya wa kanta murmushi a lokacin baƙin ciki. Ta ce ya gwada. Ya yi yaƙe. Ta ce to ya yi dariya da ƙarfi. Abin da ya fito shi ne abin da duniya ke yi wa ba'a.

Bidiyon ya kuma yanke abin da ya biyo baya. Bayan sun gama ta ƙaryar, sai suka kalli juna, abin ya ba su dariya, suka fashe da ta gaske, mai laushi, wadda ba a shirya ba. Abokan tafiyarsu suna kallonsu, har ɗaya daga cikinsu, Wakka, ya ce sun ɗauka sun zautu. Ashe su kansu mutanen cikin labarin sun ji baƙuncin dariyar. An jera ta ƙarya da ta gaskiya kusa da juna ne domin kunne ya bambance.

Saura ƙulli ɗaya. Yarinya 'yar shekara 17, ina ta samo wannan ƙwarewa ta ɓoye damuwa? Sai an yi nisa a wasan, a mafakar ƙabilar Al Bhed da ke cikin hamada, Tidus ya ji abin da kowa ya sani ban da shi: duk mai kiran ruhohi irin Yuna da ya kai ƙarshen tafiyarsa ya kayar da Sin, ransa ne fansa. Haka mahaifinta Braska ya mutu. Yuna ta san kabarinta take tafiya tun ranar da ta bar gida. Da ta ce a Luca tana son tafiyarta ta cika da dariya, wasiyya take bayarwa, shi kuwa bai gane ba, mai wasan ma bai gane ba. Hausawa sun san murmushin da ya fi kuka ciwo. Shi ta koya masa, domin shi ne abu mafi tsada da ta mallaka, kuma a nan soyayyarsu ta kafu, tun kafin su kai tafkin Macalania inda ta kasa riƙewa ta fashe da kuka a gabansa.

Ba wanda ya ɓata dariyar, almakashin masu yanka bidiyo ne ya raba ta da ma'anarta. Abin da ya fi burge ni shi ne wannan fage ba zai yiwu ba a wasannin da suka gabata. A rubuce, dariyar dole da ta gaske haruffansu ɗaya. Sai da murya ta shigo aka sami damar nuna mutum yana faɗin abu zuciyarsa na faɗin wani, kuma galibin soyayya a wannan tsakanin take rayuwa. Square sun gane haka tun a gwajinsu na farko, suka ɗora wa 'yan wasansu aiki mai wuya: ƙwararre ya kwaikwayi wanda bai iya kwaikwayo ba, ya yarda a yi masa dariya domin labarin ya tsaya da ƙafarsa. Taylor da Burress da Morita da Aoki sun yarda, sun kuma biya farashin na shekaru. Sun cancanci a saurari fagen tun daga farkonsa har ƙarshensa kafin a yanke musu hukunci.