Kada A Zuba Wa Walda Ruwa

Damina ta zauna. Wani manomi a Rogo Sabon Gari yana huɗa, sai ƙarfen garmar shanunsa ya karye. Ya kai wa mai walda, aka haɗa. Don gaggawa ya ce a zuba ruwa ya huce. Bayan kwana biyu ƙarfen ya sake karyewa, a gefen inda aka haɗa. Me ya jawo haka?

Ku lura. A cikin ƙarfe akwai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, manne da juna. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. In ƙwayoyin ƙanana ne, ƙarfe yakan jure wahala. Zafi da sanyi su ke sake kamanninsu.

Injin walda yana aiki da lantarki. Wutarsa tana narkar da ƙarfe, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500. A jikin injin akwai wurin ƙara wuta da rage ta. Ma'aunin wutar sunansa amfiya. Sandar walda mai kaurin milimita 3.2 takan so amfiya 90 zuwa 130.

In wuta ta yi kaɗan, narkewar ba ta shiga ciki. Sama ta haɗu, ciki yana nan a rabe. In wuta ta yi yawa, ko mai walda ya daɗe a wuri ɗaya, ƙwayoyin gefen haɗin sai su yi girma, wurin ya yi rauni.

Saura hucewa. Kun ga maƙeri yana tsoma bakin gatari a ruwa don ya yi tauri. To, haka ruwa ke yi wa walda. Amma tauri dabam, ƙwari dabam. Tangaran yana da tauri, duk da haka in ya faɗi sai ya fashe. Ƙarfe mai sinadarin gawayi da yawa, kamar sufirin mota, shi ya fi wannan haɗari.

Saboda haka, jama'a, in kun kai gyara, ku bar mai walda ya daidaita wutarsa. Ƙarfe mai kauri ko mai tauri, a ɗumama shi tukuna. In an gama, a binne shi cikin toka ko busasshen yashi, ya huce a hankali. Jinkirin sa'a ɗaya ya fi asarar kwana guda a tsakiyar huɗa. Sauri ya haifi nawa.