Yadda Za Ka Gyara Saitin Intanet Na Laptop In Ka Taɓa Shi Ya Lalace

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na kalli wani bidiyo da ya ce in an canza wasu lambobi a laptop, intanet zai ƙara sauri. Na ɗauki laptop ɗin yayana na gwada. Sai intanet ya ɗauke gaba ɗaya, ga shi da ita yake atisayen JAMB. Ranar ban iya cin tuwon dare ba. Ran Litinin na tambayi malaminmu na kwamfuta, ga abin da ya koya mini.

Duk kwamfutar da ta hau intanet tana da lamba da ake kira adireshin IP, kamar lambar gida. In ka haɗa ta da hotspot na waya, wayar ce take ba ta lambar. Ni kuwa da hannu na rubuta wata lambar, shi ya sa saƙo ya kasa gane gidan.

Ga matakan gyara a Windows:

1. Shiga Settings, ka zaɓi Network & Internet, sai Wi-Fi. Danna sunan hotspot ɗin, ka nemi wajen IP, ka danna Edit. In yana kan Manual, mayar da shi Automatic.

2. Koma baya ka shiga Proxy. In ka ga Use a proxy server a kunne, kashe shi.

3. In har yanzu bai dawo ba, nemi Network reset. A Windows 10 yana ƙarƙashin Status, a Windows 11 kuma yana cikin Advanced network settings. Danna Reset now. Bayan minti 5 kwamfutar za ta kashe kanta ta sake kunnawa.

Wannan mataki na 3 ba ya goge hotuna ko takardu, amma kwamfutar za ta manta duk kalmomin sirri na Wi-Fi. Don haka ka tanade su tukuna.

Tamu a mataki na 1 ta gyaru. Yaya ya yafe mini, amma ya ce in riƙa tambaya kafin in taɓa kayansa. Shawarata gare ku, kafin ku canza kowane saiti, ku ɗauki hotonsa da waya, don ku san yadda yake tun farko.