Haraji a Kan Samu ko a Kan Kashewa: Muhawarar Gyaran Tsarin Haraji

Harajin kuɗin shiga shi ne kason da gwamnati ke yanka daga abin da mutum ya samu, albashi ne ko ribar kasuwanci ko kuɗin haya. Birtaniya ta fara karɓarsa a 1799 don ɗaukar nauyin yaƙinta da Faransa, Amurka kuma ta tabbatar da shi a tsarin mulkinta a 1913. A yawancin ƙasashe hawa-hawa ake karɓarsa: mai ƙaramin samu ya biya kaso kaɗan ko a yafe masa, mai babban samu kuma kasonsa ya riƙa ƙaruwa. Hujjar ita ce naira dubu a hannun lebura ta fi naira dubu a hannun attajiri nauyi.

Masu sukar wannan tsari sun fi kokawa da sarƙaƙiyarsa. Kowace majalisa takan ƙara rangwame ga wani rukuni, har doka ta yi kaurin da sai mai iya ɗaukar akanta da lauya ke cin moriyarta. Ma'aikacin da ake cire wa haraji tun kafin albashi ya shigo hannunsa ba shi da mafaka, alhali mai dukiya yana da ƙofofin fita da yawa.

Daga nan aka samo shawarar haraji na bai ɗaya, wato kaso guda ga kowa bayan an ware wani adadi da ba a taɓawa. Robert Hall da Alvin Rabushka, masana tattalin arziki a Amurka, sun yayata ta a farkon shekarun 1980 da kashi 19 cikin ɗari, Steve Forbes kuma ya yi neman takarar shugaban ƙasa da ita a 1996. Amurka ba ta karɓa ba; a Gabashin Turai aka gwada. Estoniya ta fara a 1994 da kashi 26, Rasha ta bi a 2001 da kashi 13, Sulobakiya a 2004 da kashi 19. Kuɗin da Rasha ta tara ya ƙaru bayan gyaran, magoya baya suka ce ga shaida. Sai dai binciken masana a Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna cewa, ko da yake ɓoye samu ya ragu, hauhawar albashi a lokacin ta taka babbar rawa wajen ƙaruwar. Daga baya Sulobakiya ta ƙara mataki na biyu a 2013, Rasha ma ta ɗora kashi 15 a kan manyan masu samu a 2021. Abin lura a nan shi ne sauƙin da ake yabon wannan tsari da shi ya fi fitowa daga toshe ƙofofin rangwame, kuma ana iya toshe su ba tare da an rushe hawa-hawan ba.

Shawara ta biyu ita ce a bar samu, a koma kan kashewa. Harajin VAT, wanda Faransa ta fara a 1954, shi ne mafi shahara. Yana da wuyar kauce wa, domin ana karɓarsa a kowane matakin ciniki, kuma ba ya taɓa abin da mutum ya adana. A Amurka akwai masu neman a soke harajin kuɗin shiga gaba ɗaya a maye gurbinsa da harajin saye na kashi 23, shirin da suke kira FairTax. Matsalar tana wurin talaka. Wanda ke samun naira dubu 100 a wata yakan kashe ta duka, don haka harajin kashi 10 zai ci kashi 10 na samunsa. Wanda ke samun miliyan 5 ya kashe miliyan 1 kuwa, kashi 2 kacal ya biya. Shi ya sa ƙasashe ke cire abinci da magani daga ciki, ko su mayar wa marasa ƙarfi wani abu.

Arewacin Najeriya ya san zafin harajin da ba ya duba ƙarfin mai biya. Haraji da jangali sun daɗe suna kan talaka da makiyayi, har gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan hawansu mulki a 1979. Muhawarar ta dawo da sabuwar fuska lokacin da gwamnatin Bola Tinubu ta kai ƙudurorin gyaran haraji majalisa a 2024, inda gwamnonin Arewa suka yi adawa da tsarin rabon kuɗin VAT tsakanin jihohi. Dokokin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun riƙe tsarin hawa-hawa: an yafe naira dubu 800 na farko a shekara, kaso mafi girma ya zama 25. VAT ya tsaya a kashi 7.5, an kuma ɗauke shi daga kayan abinci na yau da kullum da magunguna da kayan karatu.