Garkuwar mikoro: abin da take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta

Arlit da Akokan garuruwa ne da haƙar ƙarfen iraniyom ta kafa cikin hamada. SOMAIR ta fara fid da ƙarfe a 1971, COMINAK ta bi baya a 1978, har aka rufe ta ranar 31 ga watan Maris 2021. Kiɗan gita ma ya yi gida a nan: marigayi Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, ya buɗe makarantar kiɗa a Arlit. Amma ɗakin ɗaukar murya na sosai abu ne mai wuyar samu a arewa. Mdou Moctar ma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008. Yau matashi yana ɗaukar waƙarsa cikin ɗakinsa da mikoro da kwamfuta. In ya saurara, sai ya ji muryarsa kamar daga cikin randa take fitowa.

Ƴan uwa masu karatu, laifin na ɗaki ne. Sauti yana tafiyar wajen metir 340 cikin sakan ɗaya. In bango yana nesa da mawaƙi da metir ɗaya da rabi, murya za ta buge shi ta dawo kafin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ya cika. Mikoro yana haɗa muryar da wannan amsa-kuwwa, kuma raba su bayan an ɗauka yana da wuya ƙwarai. Bangon siminti da rufin kwano sun fi kowa mai da sauti.

Don maganin haka kamfanin sE Electronics ya fito da wata garkuwa a 2006: rabin da'ira ce ta ƙarfe mai huji-huji, an lulluɓe cikinta da abin tsotse sauti, ana kafa ta bayan mikoro. Tana rage muryar da ke wucewa zuwa bangon gaba, wannan gaskiya ne.

Sai dai tana da iyaka uku. Na farko, yawancin mikoron waƙa ta gaba suke ji, bayansu kusan kurma ne; ke nan garkuwa tana tsaron ƙofar da take rufe tun da can. Amsa-kuwwar da ta fi ɓarna daga bangon da ke bayan mawaƙi take zuwa, ta faɗa fuskar mikoro kai tsaye. Na biyu, soso mai kaurin santimetir 5 siririn sauti yake tsotsewa. Kakkaurar muryar namiji, wadda tsawon igiyarta kan wuce metir 3, ratsa shi take yi. Na uku, ba ta hana ƙarar fanka ko injin wuta ko babur shiga.

Saboda haka, kafin mutum ya kashe kuɗi, ya fara da abin da ke gidansa. Ya rataya bargo mai kauri bayansa, ya bar ratar taki ɗaya tsakanin bargo da bango. Ya shimfiɗa darduma ƙasa, ya jingina katifa ga bangon gefe. Ya guji kusurwa da tsakiyar ɗaki. Ya matso da bakinsa santimetir 15 zuwa 20 daga mikoro, domin muryarsa ta rinjayi ta ɗaki. Sa'an nan ya tafa hannu sau ɗaya ya saurara: in ƙarar ta mutu nan take, wuri ya yi. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa ga bango ba ya da amfanin kirki.

Wanda zai ƙera garkuwar da kansa ya yi hattara. A 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa sun sami tsofaffin ƙarafa masu tururin iraniyom ana sayarwa a kasuwar Arlit. Abin da zai tsaya kusa da bakin mutum sa'o'i da yawa, a yi shi da katako ko da sabon ƙarfe, kada a yi shi da ƙarfen da ba a san asalinsa ba.

Mai hali ya sayi garkuwa ya haɗa ta da bargo. Maras hali, bargon kaɗai zai kai shi nesa. Allah ya ba mawaƙanmu sa'a.