Ana Muzuru, Ana Shaho

Da zarar an kawar da gero da dawa daga gonakin Mada, sararin sama yakan canza wa mai kiwon tantabara fuska. Garken da ya yi damina yana kewaya gari hankali kwance, yanzu sai a ga ya dunƙule, ya watse farat ɗaya, ya dawo gida da giɓi. Daga Gusau zuwa Tsafe da Bungudu maganar masu tantabara ɗaya ce a wannan lokaci: shaho ya sauko. Daga nan sai fushi, daga fushi sai danƙo da tarko, wani lokaci har da guba. Ni kuwa a ganina shaho maƙiyi ne mai ƙa'ida. Yana da watanninsa, yana da sa'o'insa, yana da irin tantabarar da yake zaɓa, kuma wanda ya san waɗannan zai tsirar da tsuntsayensa fiye da wanda ya kashe shahuna goma.

Sai dai kama da wane ba ta wane, kuma rabin hukuncin da ake yankewa kan mai laifin da ba shi ba yake faɗawa. Tsuntsuwar nan mai wutsiya mai baki biyu, mai shawagi a hankali bisa kasuwa da mayanka, shirwa ce. Abincinta ɗan tsako, da guntun nama, da fara, da gina idan ta fito bayan ruwan farko, kuma ita ce ake gani tana bin hayaƙi duk inda aka sa wa daji wuta. Ƙafafunta ba su da ƙarfin da za su riƙe babbar tantabara, gudunta kuma bai kai ta cim mata a sama ba. Bahaushe ya riga ya ajiye ta inda ya dace da ya ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Akwai kuma ɗan ƙaramin shaho mai ruwan toka da jan ido, mai laɓewa cikin darbejiya ko mangwaro. Shi ƙadangare da ƙananan tsuntsaye ne cimarsa, ko da yake ba zai ƙi ɗan shila ko mara lafiya ba in ya same su a fili. Wanda ke yi wa garke ɓarna a sama daban yake: fukafukai masu tsini, ƙeya ja-ja, da baƙin zane da ya sauko daga ido kamar saje. Macen ta fi namijin girma, takan kai gram 700 zuwa 900, wato ninkin tantabarar gida biyu ko fiye. Miji da mata sukan yi farauta tare, ɗaya ya tarwatsa garke, ɗaya ya tare wadda ta ware. Yana kuma da ɗan'uwa baƙo da ke zuwa daga Turai da arewacin Asiya ya yi hunturu a Afirka, wanda idan ya naɗe fukafukai ya sulmiyo daga sama gudunsa kan wuce kilomita 300 a sa'a. Ba a san wata dabba da ta kai shi sauri ba. Da ƙafa yake dukan tantabara, sannan ya karya mata wuya da wani ɗan tsini da ke gefen bakinsa.

Me ya sa sai da kaka da hunturu? Dalilan duk a fili suke. Da damina ƙasa a rufe take da shuka, abinci ya yi yawa, fara da gina da 'ya'yan tsuntsaye ko'ina, shahuna kuma sun bazu, wasu ma sun bi ruwa sun yi arewa. Da aka yi girbi gonaki suka zama fili, itatuwa da dama suka zubar da ganye, maɓoya ta ƙare. A daidai lokacin ne baƙin da suka tsallako Sahara ke isowa, wajen Oktoba, su zauna har wajen Maris ko Afrilu. Shahon gida kuwa da rani yake kiwo. Ba ya gina sheƙa da kansa: ko ya sami lungu a jikin dutse, ko ya gaji tsohuwar sheƙar hankaka ko ta shirwa a bisa itace ko turken lantarki. Ƙasar da ke da duwatsu irin na Kwatarkwashi da na Tsafe ba ta rasa masa masauki. Ƙwai uku ko huɗu ake yi, a yi kwanci kamar wata guda, 'ya'yan su yi kamar mako shida kafin su tashi. A waɗannan makonni bakuna biyar ko shida ake ciyarwa da farautar biyu, kuma da 'ya'yan sun tashi sai su fara koyon sura a kan duk abin da ke yawo a sama. Idan aka haɗa wannan da hazon hunturu, wanda ke sa tantabarar da aka firgita ta yi nisa ta kasa gane gida, an sami amsar. Sa'o'in ma ba ɓoyayyu ba ne: sassafe da yamma liƙis shaho ya fi farauta, su ne kuma lokutan da mai tantabara ya fi son sakin garkensa ya zauna kallo.

Ba kowace tantabara yake ɗauka ba, kuma nan ne binciken masana ya fi amfani ga mai kiwo. A 1978 wani masani ɗan Ingila, Robert Kenward, ya wallafa abin da ya gani da ya riƙa sakin horarren shaho kan wasu manyan tantabarun daji, dangin hasbiya. Idan tsuntsuwa ita kaɗai ce, kusan sau takwas cikin goma shaho ke cin nasara. Idan garken ya haura hamsin, nasarar ba ta kai ɗaya cikin goma ba, domin ido ɗari ya fi ido biyu saurin hango abin da ke tafe. Ya kuma lura cewa waɗanda ake kamawa daga cikin garke galibi ramammu ne. A 2005 aka wallafa wani binciken da aka yi a garin Davis na jihar Kalifoniya a Amurka, inda aka ga tantabaru masu farin gashi a gindin wutsiya ba kasafai shaho mai sulmiyowa ke samunsu ba, mai yiwuwa domin farin yana ɗauke masa ido a daidai lokacin da tsuntsuwar ke mirginawa ta goce. Da aka musanya gashin, aka liƙa wa masu toka fari, masu fari toka, sai sa'ar ma ta juya. Abin da wannan ke nuna wa mutumin Mada shi ne, tantabarar da ke cikin haɗari ita ce wadda ta fita daban: sabuwar tashi da ba ta san gari ba, wadda ke zubar da gashin fiffike, da wadda ciwo ya ci. Mafi tausayi ita ce mai alkafura a iska, wadda aka yi shekaru ana zaɓen irinta don ta riƙa tuntsurawa. Abin da ke sa mai ita tafi, a idon shaho alamar tsuntsuwa ce da ta sami matsala.

To, a kashe shi mana a huta. An gwada, kuma waɗanda suka gwada sun fi kowane mai danƙo ƙarfi. A 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta kafa dokar kashe shahunan da ke tare tantabaru masu kai saƙon soja. An kashe kimanin 600 kafin a daina, aka farfasa ƙwai, amma shekaru kaɗan bayan yaƙin yawancin duwatsun da aka share sun sake samun masu su. Haka abin yakan kasance. Wurin kiwo mai kyau ba ya zama babu kowa, domin kullum akwai matasan shahuna da ke yawo suna jiran gurbi. A Amurka, a 2007, jami'an kare namun daji sun kama wasu 'yan ƙungiyoyin masu tantabarar alkafura a Kalifoniya da Oregon kan kashe shahuna da tarko da bindiga, kuma duk shekarun da suka yi suna kisan bai sa sun daina asara ba. Abin da ya kusa ƙarar da shaho a Turai da Amurka maganin ƙwari ne, musamman DDT, wanda ya bi ta cikin abincinsa ya sa ɓawon ƙwansa ya yi laushi, har Amurka ta hana amfani da shi a 1972. Guba ba ta tambayar suna. Wadda aka ajiye don shaho, shirwa za ta ci, ungulu za ta ci, karen maƙwabci zai ci, yaro ma yana iya tsintar mushen. Mutanen Bungudu ba sa bukatar a je musu da misali daga Turai: dutsen Kwatarkwashi ya yi suna da maiki, har garin ya shahara da bikin kamun maiki, ga shi tun 2015 an sa maiki da ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Wani bincike da aka fitar a 2024 kan nau'o'i 42 na tsuntsaye masu farauta a Afirka ya gano kusan kashi 90 cikin ɗari suna raguwa, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi shan wuya.

Mai ƙin wannan magana yana da hujjojinsa, kuma ba na banza ba ne. Zai ce Bature don sha'awa yake kiwo, shi kuwa saurayin Mada tantabara jarinsa ce, a shekarun da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gona mai nisa, kuma shaho bai san wadda aka saya da tsada ba. Gaskiya ne, amma hujjar tawa take ƙarfafawa, domin wanda jarinsa ya fi ƙanƙanta shi ya fi bukatar hanyar da ke aiki, ba wadda ke huce haushi kawai ba. Zai kuma ce ai hadisi ingantacce ya ambaci shirwa cikin halittu biyar da aka yarda a kashe ko da mutum na cikin harami. Wannan fagen malamai ne, amma ko almajiri ya san izinin kawar da cuta daban yake da umarnin ƙarar da iri, kuma shirwa aka ambata tare da hankaka. Shaho kuwa a littattafan fiƙihu wajen babin farauta ake samunsa, cikin horarrun da abin da suka kamo ya halatta. Hujja ta uku ta fi nauyi: in kulle garke ne mafita, tantabarar da aka kulle wata huɗu ko biyar ta zama kaza, kuma daɗin kiwon a tashin yake. Ban ce a kulle duka ba. Masu tsada da iyayen iri su yi hunturu a cikin raga suna kwanci, tunda ƙwai biyu da kwana 18 ba sa bukatar sararin sama. Sababbin tashi a fara koya musu gari da damina. Waɗanda za a saki a sake su kafin a ba su tsaba, don su sauko da kira ɗaya maimakon su yini bisa katanga, a kuma riƙa sauya lokacin, domin shaho yana riƙe sa'ar da aka saba masa.

Akwai abin lura a karin maganar da kowa ya sani, cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Muzuru aka fara ambata. Duk mai kiwon da zai zauna ya ƙirga asararsa ta shekara tsakani da Allah zai tarar da muzuru da gafiya da maciji a ɗakin tantabara, da annobar da ke share kaji da tantabaru duk hunturu, da wayar lantarki, da ɓarawo mai ƙafa biyu. Waɗannan da dare suke aiki, ko a ɓoye. Shaho shi kaɗai ne ke yin nasa da rana tsaka a gaban jama'a, gashi na tashi, yara na ihu, shi ya sa ake ɗora masa laifin kowa. Ba ma kyauta yake ci ba: ciwon nan da ke sa farin abu kamar cuku ya toshe maƙogwaron tantabara yana kama shahon da ya ci mai ɗauke da shi, yana kuma kashe 'ya'yansa a sheƙa.

Ita kanta tantabara ba baƙuwar wannan yaƙi ba ce. Kakanninta a jikin duwatsu suke kwana, maƙwabtan shaho, tun kafin ɗan Adam ya kafa mata tukunya a soro. Saurinta, da dunƙulewar garke, da gocewar nan ta ƙiftawar ido, da naci wajen komawa gida wanda ya sa ake mata kirari da uwar alƙawari, duk a ƙarƙashin inuwar shaho suka ginu. Wanda ya saki tantabara sama ya kai ta filin da shaho ya riga shi, kuma kariyar da ta fi kowace ƙarfi a wannan fili ita ce yawa. Saurayi mai tantabara goma sha biyu ba zai iya haɗa garken hamsin shi kaɗai ba, amma masu kiwo biyar na unguwa ɗaya za su iya, in sun yarda su riƙa saki lokaci guda daga Nuwamba zuwa Afrilu. Abin da ke hana su sananne ne: kowa na tsoron tasa ta bi garken wani ta sauka a gidansa, a wayi gari an fige mata fiffike an ce ba a gan ta ba. Wannan kuwa magana ce tsakanin maƙwabci da maƙwabci, sai dai a kai ta gaban mai unguwa.