Telolin da Ke Ɗinka Wuta a Jikin Tufa

A ƙarshen shekarar 2017 wasu mata biyu, Mika Satomi da Hannah Perner-Wilson, suka buɗe shagon tela a birnin Berlin na Jamus, suka raɗa masa suna KOBA. Kamar kowane shagon ɗinki, ana auna kafaɗa da ƙirji da tsawon hannu, a zaɓi yadi, a sa ranar karɓa. Sai dai a nan akwai wata tambaya da ba a saba ji daga bakin tela ba: me kake so rigar ta riƙa yi? Ta yi haske idan ka ɗaga hannu? Ta fitar da sauti idan an taɓa ta? Ta bi numfashinka? Shagon ya yi kimanin shekara guda a buɗe, da tallafin wani shiri na Tarayyar Turai, kuma dama gwaji ne: so suke su ga ko kayan fasaha ma za a iya ɗinka wa mutum su daidai jikinsa da bukatarsa, maimakon kamfani ya buga miliyan iri ɗaya ya ce kowa ya saya.

Sana'ar tasu ɗinkin lantarki ce, wato shigar da wuta da na'ura cikin tufa ta hanyar zare da allura. Masu yin ta ba su da yawa a duniya, akasarinsu a makarantun zane, ɗakunan wasan kwaikwayo da ƙananan shaguna suke. Idan jaridu suka zo ba da labarinsu, na'urar suke yabo, da injiniyan da ya tsara ta. Ni kuwa abin da na fahimta shi ne, a wannan aiki hannun tela ne ke yanke hukunci. Na'ura mai kyau a rigar da ba a ɗinka da sani ba, kwanakinta ƙididdigaggu ne.

A kan teburin mai wannan sana'a za a tarar da almakashi, alli, tef ɗin awo da keken ɗinki, a gefensu kuma ga filaya, ga dalma, ga mitar nan ta masu gyaran rediyo mai yin ƙara idan wuta ta ratsa. Amma jigon aikin shi ne zaren da wuta ke bi. Iri biyu aka fi amfani da su. Akwai na nailan da aka shafe da azurfa, mai laushi, mai daɗin ɗinki, sai dai yana dusashewa da daɗewa, kuma da zarar ya dusashe wuta ta fara yi masa nawa. Akwai na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ya fi ƙarko amma yana da taurin kai: gashinsa na tashi, ƙullinsa na warwarewa, dalma ba ta kama shi da sauƙi. Shi ya sa bayan an ƙulle shi ake ɗiga masa gam ko jan farce. Idan da keke za a yi aikin, a ƙasa ake naɗa shi, a bar zaren sama na yau da kullum, don sau da yawa ba ya jure wucewa ta idon allura da gudu.

Babbar matsalar wannan zare ita ce tsirara yake. Wayar lantarki tana da rigar roba, ko goma ka murɗe wuri ɗaya babu ruwansu da juna. Zare kuwa, da layin da ya fito daga batir da layin da ke komawa sun gogi juna, wuta ta yi yanke, fitila ta mutu, batir ya ƙare a banza. Tufa kuma ba allo ba ce da za ta tsaya inda aka ajiye ta. Tana naɗewa, tana miƙewa, hammata na haɗuwa da gefen ciki, gumi na jiƙa ta, shi ma gumin wuta na binsa saboda gishirin da ke cikinsa. Don haka tun kafin a yanka yadi ake zana hanyar wutar da alli, a san inda layi zai bi ta fuska da inda zai nutse ta shafi, a san inda za a sa ƙyalle a tsakani. A nan ne ilimin tela ke fitowa. Shi ya san inda riga ke fara cinyewa, ya san gwiwar hannu da wuyan riga ba wurin ajiye abu mai tauri ba ne, ya san wane yadi ke ja da wanda ba ya ja. Injiniyan da bai taɓa riƙe allura ba sai ya ɓata yadi da yawa kafin ya gane wannan.

Akwai kuma nisa. Zare ba ya kai wuta kamar wayar jan ƙarfe, yana rage ta a hanya, don haka fitilar da ke kusa da batir takan fi ta can ƙarshen layi haske. Magani shi ne a ninka zaren, ko a yanka siririn ƙyalle mai bin wuta a liƙa shi da dutsen guga. Ƙananan ayyuka batirin nan mai kama da kwabo, mai bolt 3, ya ishe su. Ƙananan ƙwayayen fitila kuwa, ƙafafunsu biyu ake murɗewa da filaya su zama zobe, sannan a ɗinke su kamar anini.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar shi ne yadda take duban kayan da kowa ya raina. Maɓallin ƙarfe mai ƙas, irin na rigar jarirai, makunni ne: ka haɗa shi wuta ta wuce, ka ɓalle shi ta yanke. Zif, idan an bi haƙoransa da zaren ƙarfe, ya zama abin ƙara haske ko rage sauti. Baƙar ledar nan da ake naɗe kayan lantarki a ciki, wadda ake sayarwa da sunan Velostat, idan aka sa ta tsakanin ƙyalle biyu masu bin wuta sai ta zama ma'aunin matsi, tana bambanta taɓawar yatsa da danna tafin hannu. Ulu da aka cakuɗa da gashin ƙarfe aka saƙa, idan an ja shi wuta ta fi gudu a ciki, don haka ɗamara da aka saƙa da shi tana iya bin tashi da saukar ƙirji. Satomi da Perner-Wilson, waɗanda ke aiki tare da sunan Kobakant, sun shafe shekaru suna gwada irin waɗannan dabaru suna wallafa su kyauta, har da waɗanda suka ƙi yi. Ɗaya daga cikin ayyukansu na farko, a 2007, wata 'yar shara ce da suka ɗinka maɓallan wasan bidiyo a bayanta. Wani ya saka, mai wasa kuma ya riƙa danna bayansa don ya motsa 'yan wasansa a talabijin. Shi yana can yana fafatawa, mai rigar yana shan tausa. Raha ce, amma akwai tunani a ciki: ƙarfin yatsun da ake zubarwa a kan roba, me zai hana wani ya amfana da shi?

Mai son sanin asalin abin zai iya komawa Tokyo ta 1956, inda mai zane Atsuko Tanaka, 'yar ƙungiyar masu zane ta Gutai, ta fito sanye da wata shiga ta ƙwayayen lantarki da dogayen fitilu kusan 200 da ta shafa wa fenti kala-kala, suna kunnuwa suna mutuwa. Nauyi gare ta, ga zafi, ga wayoyi jibge har ƙasa, ga haɗarin wuta ta ja mai sanye da ita. Wannan lantarki ne aka rataya wa jiki, ba a kai ga ɗinka shi ba tukuna. Ɗinkin sosai ya fara kankama ne a jami'ar MIT ta Amurka wajen 1997, lokacin da Maggie Orth da Rehmi Post da abokan aikinsu suka yi wa wata jaket ɗin jins surfanin lambobi da zare mai bin wuta, kowace lamba ka taɓa ta fitar da sauti. Yadin da suka fara gwaji da shi ba a ɗakin bincike aka ƙirƙiro shi ba. Siliki ne shara-shara da masaƙan Indiya suka daɗe suna yi don ado, mai zaren da aka naɗe da siririn ƙarfe. Wanda ya taɓa duban zaren zinariya da na azurfa a wuyan alkyabba ya san irin abin da ake nufi. An yi ɗaruruwan shekaru ana ɗinki da ƙarfe don ƙyalli kawai, kafin wani ya jona masa batir.

A 2007 Leah Buechley ta fito da LilyPad, tare da kamfanin SparkFun. 'Yar ƙaramar kwamfuta ce daga dangin Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, amma ita zagayayya ce, launin shunayya, faɗinta kimanin santimita 5, da manyan huji a gefe inda allura za ta wuce. A ciki kusan duk abu ɗaya ne da sauran Arduino. Siffa kawai aka sauya, sai ga masu amfani sun sauya. Binciken da Buechley ta yi da Benjamin Mako Hill a 2010 ya nuna kashi 65 cikin ɗari na ayyukan LilyPad da suka duba mata ne suka yi su, alhali a na Arduino na asali kashi 2 ne kacal. An daɗe ana cewa mata ba sa sha'awar lantarki, ashe ƙofar ce aka gina ta fuskar da ba su bi. Tarihi ma ya nuna mata ba baƙi ba ne a fagen: ma'ajiyar umarnin kwamfutar da ta kai kumbon Apollo duniyar wata, mata ne a masana'antar Raytheon suka saƙa ta da hannu, waya ta bi ta cikin zobe ya zama 1, ta kewaye shi ya zama 0. A 2018 kuma Irene Posch da Ebru Kurbak, a birnin Vienna, suka nuna kwamfuta sukutum da aka yi da surfanin zaren zinariya da duwatsun ado masu maganaɗisu, tana lissafi a hankali ana kallon duwatsun na juyawa.

Ta ina kuɗi ke shigowa? Galibi ta dandalin wasa da na nuna kwalliya. Kamfanin CuteCircuit na Francesca Rosella da Ryan Genz, da ke Landan, shi ya ɗinka wa mawaƙiya Katy Perry doguwar riga mai fitilu da ta sa a bikin Met Gala na 2010, kuma irin wannan aiki ne ke jawo suna. Amma aikinsu da na fi girmamawa babu ƙyalli sosai a cikinsa. A 2016 suka yi wa wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Hamburg riga domin kurame. An dasa makirfo a sassan dandali, kwamfuta na juya sautin zuwa motsi, ƙananan na'urori 16 da ke cikin rigar suna girgiza: kayan kiɗa masu tsirkiya a hannuwa, masu nauyin amo a ƙasa da baya. Mutumin da bai taɓa jin kiɗa da kunne ba ya zauna cikin taro yana bin sa da fatarsa. A wannan rigar, tazarar yatsa biyu a wurin ɗinki na iya sa na'ura ta daina taɓa jiki, saƙon ya ɓace. Aikin awo ne kafin ya zama aikin kwamfuta.

Manyan kamfanoni ma sun gwada sa'arsu. Google ya sanar da shirinsa na Jacquard a 2015, sunan da ya aro daga masaƙar nan ta Faransa ta farkon ƙarni na 19 mai aiki da kati masu huji. A 2017 shi da kamfanin tufafi na Levi's suka fitar da jaket ta dala 350, wadda ake shafa bakin hannunta a amsa waya ko a sauya waƙa. Saƙar ta yi kyau, ba a musu. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi: an gaya wa masu saye kada su wuce wanki kamar goma, kuma kafin kowane wanki sai an cire 'yar na'urar da ke maƙale a hannun. A 2023 Google ya rufe manhajar da ke sarrafa ta. Jaket ɗin na nan, ana iya sawa don sanyi, amma hannunta ya daina jin komai. Yadin jins na iya shekara ashirin a jikin mutum, manhaja kuwa ranar da kamfani ya gaji da ita ta mutu, kuma ba a shawarci mai rigar ba.

Wanki da gyara su ne ma'aunin gwanin wannan sana'a. Wurin da abu ke karyewa kusan kullum ɗaya ne: mahaɗar tauri da laushi, inda zare ya kama ƙarfen na'ura. Gwanaye kan ɗora batir da kwamfutar a kan maɓallan ƙarfe don a ɓalle su kafin a jiƙa tufar, musamman batirin litiyam, wanda ba a wasa da shi kusa da fata idan ya huje ko ya sha ruwa. Sukan bar shafi a buɗe ta wani gefe yadda hannu zai shiga, su kuma bar hanyar zaren a bayyane don wanda zai gyara nan gaba ya bi ta da mita ya gano inda ta tsinke. Wanda ya binne komai cikin gam don aikin ya yi sumul a hoto, ya sayar wa mutum abin da ba ya gyaruwa. Irin wannan tufa idan ta mutu ma rasa wurin kai ta ake yi: masu sake sarrafa tsumma ba sa son ƙarfen da ke cikinta, masu karɓar tarkacen lantarki ba sa son auduga, azurfar da aka shafa wa zaren kuma ta yi ƙanƙanta da a tsaya tatso ta, sai dai a haɗa duka a kai juji.