Idan aka ɗauke wuta, famfo kan zuƙi abin da ya tarar

Masu karatu da yawa sun san yankin arewacin jihar Kano, daga Bichi zuwa Ɗambatta, Makoɗa da Kunci, inda gona ke manne da gona, ƙauye ke hango ƙauye. Cunkoson jama'a a wannan karkara ya sa rijiyar gida, masai da turken dabbobi ba sa nisa da juna. Shi ya sa idan aka haƙa rijiyar burtsatse, aka ɗora tanki a sama, aka ja bututu zuwa unguwanni, jama'a kan ɗauka an rabu da ciwon ciki ke nan. Ni dai ina ganin akwai wata kafa da ba a cika dubawa ba, kuma takan buɗe ne a daidai lokacin da aka ɗauke wuta.

Muddin akwai ruwa a tanki, nauyinsa ke tunkuɗa na cikin bututu waje, ta yadda ko da bututun ya tsage, ruwa ne zai fita, ƙazanta ba za ta shiga ba. Da zarar injin ya tsaya, tanki ya ƙare, sai al'amarin ya juya. Ruwan da ya rage yakan gangara zuwa famfunan da ke ƙasa, ya bar zuƙa a bayansa, tamkar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. A wannan lokaci, duk tiyon da aka bari a nutse cikin duro, ko jarkar ɗan ga-ruwa, ko komin shayar da shanu, zai mayar da abin da ke ciki zuwa bututun gari. Haka ma bututun roba da ya ratsa kwata, musamman da damina. Idan wuta ta dawo, sai a rarraba wannan gauraye gida-gida, jama'a suna murna ruwa ya zo.

Wannan ba cutar talakawa kaɗai ba ce. A 1933, a birnin Chicago na Amurka, haɗuwar ruwan sha da na bahaya a bututun wasu manyan otal ta haddasa atini da ya kashe kusan mutum 100. Mu kuwa a nan, a 2021 kwalara ta kama fiye da mutum dubu 100 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A watan Oktoba na 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Duk tankin da ya dogara da wutar gwamnati ya bushe a wannan tsakani.

Abin takaici, maganin ba shi da tsada. Mafi muhimmanci shi ne a bar tazara tsakanin bakin famfo da saman ruwan da ke cikin mazubi, aƙalla ninki biyu na faɗin bututun, domin ruwa ba ya tsallaka iska ya koma sama. Wannan ba ya buƙatar kwangila. Ya ishe shi mai unguwa ya hana tsoma tiyo cikin duro. Sai bawul mai barin ruwa ya wuce ta hanya guda kawai, a bakin rijiyar da kuma kowane reshe da ya nufi gidan mai hali. Na ambaci masu hali da gangan, domin wanda ya haɗa injinsa kai tsaye da bututun gari yana haifar da irin wannan zuƙa ko da akwai wuta, maƙwabtansa su kwashi sakamakon.

Injin mai amfani da hasken rana ya rage matsalar, amma bai kawar da ita ba, tunda ƙaramin tanki kan ƙare kafin asuba. Don haka ya kamata hukumar RUWASA da ƙananan hukumomi su riƙa sanya girman tanki da bawul cikin sharuɗɗan karɓar aiki daga ɗan kwangila. Kwamitin ruwa na gari kuma ya saba da rufe babban bawul kafin tanki ya kai ƙasa, a zubar da ruwan farko idan an sake buɗewa, sannan a zuba kulorin a jira minti 30 kafin kowa ya ɗiba.